Ƙuri'ar Baffa da Duwatsun Mashigi

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na ɗauki biro. Tun ana zaman makoki na ce zan rubuta, sai na fasa. Bayan an share makoki na sake ɗaura niyya, na sake fasawa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma sana'ata ɗinki ce a nan Karaye. Ga shi maganar akwai siyasa a ciki, ni kuwa mutum ne mai tsoron a ce na zagi wani. Har wurin limamin unguwarmu na je na tambaye shi ko ba da labarin mamaci zai iya zama giba. Ya ce in dai alherinsa zan faɗa, kuma ban kama sunan kowa ba, in rubuta. Saboda haka ba za ku ga sunan mutum ko na jam'iyya a nan ba, kuma ba zan faɗi shekarun da abubuwan suka faru ba. Inda na yi kuskure a yafe mini.

Wanda ya rasu Baffana ne, yayan mahaifina. Manomin gyaɗa da dawa ne a ƙauyenmu da ke mazaɓar Kwanyawa. Ya rasu cikin ranin da ya wuce, bayan 'yar gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ban taɓa ganin zaman makokin da ake danne dariya kamar nasa ba. Mutum zai zo ya yi gaisuwa, a shafa fatiha, ya zauna yana kallon tabarma, can sai ya ce, "To yanzu wa zai jefa mana ɗayar nan?" Sai ka ga tsofaffi sun rufe baki da hannun riga, wasu kuma idonsu ya kawo ruwa. Mahaifina bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Yana jingine da bangon zaure, abin da kawai yake maimaitawa shi ne Yaya ya tafi ga damina tana tafe.

Ranar addu'ar uku wani mai neman kujera ya zo da motoci da buhun shinkafa. Ya yi gaisuwa da ladabi, ba zan ɓoye wannan ba. Amma da ya tashi magana sai ya ce marigayi ubansu ne a tafiyar siyasa, bai taɓa juya musu baya ba. Iya, matar Baffa, tana jin komai daga cikin gida. Ta aiko a kira ni, ta ce in mayar masa da shinkafarsa, in ce an gode, amma Malam bai ci irinta ba yana raye, ba za a ci da sunansa ba bayan ransa. Ta ƙara da cewa, "In yana son yi wa Malam sadaka, ya aiko da tifar dutse."

Na je na faɗa masa a gefe, na sassauta maganar gwargwadon iyawata. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, gobe goben nan dutse zai iso. Har ranar da nake rubutun nan bai iso ba. Ban ce ba zai iso ba.

Wanda ba ɗan ƙauyenmu ba ba zai gane maganar ƙuri'a ɗaya da ta dutse ba, don haka bari in fara da ƙuri'ar.

A duk zaɓen shugaban ƙasa, idan an gama jefawa, malamin zaɓe yakan zazzage akwati a gaban kowa, a ƙarƙashin darbejiyar makarantar firamare. Yana ɗaga takarda yana faɗa, ana tara su wuri biyu, na manyan jam'iyyun nan da kowa ya sani. Can cikin ƙidaya sai ya ɗago wata ya tsaya yana ƙura mata ido, don shi kansa bai san jam'iyyar ba. Kafin ya buɗe baki samari sun ce ta Baffa ce. A ajiye ta ita kaɗai a gefe, a ɗora mata tsakuwa kada iska ta ɗauke ta.

Ba jam'iyya ɗaya yake bi ba. Idan zaɓe ya matso yakan kasa kunne a rediyo, ya ji ƙananan 'yan takarar da ba su da ko fosta a Karaye, ya zaɓi wanda maganarsa ta fi kwanta masa, muddin dai bai taɓa aiko kowa ƙauyenmu da alkawari ba. Sai ya sa in nuna masa alamar jam'iyyar ya riƙe. A zaɓen kansila ba ya haka. Ya ce kansila ya san ubansa, ya san ƙofar gidansa, in ya yi ƙarya zai je ya zauna masa a zaure har a kawo tuwo.

Samari kan tsokane shi su ce, Baffa, ɗan takararka ko matarsa ba ta zaɓe shi ba. Ya ce to ai shi ya sa yake taimaka masa. Wata shekara da idonsa ya fara rauni, wani wakilin jam'iyya ya ɗauka kuskure yake yi duk shekarun nan, ya matso zai kama masa yatsa ya nuna masa inda ake dangwalawa. Baffa ya janye hannunsa ya ce ya gode, idon ne ya tsufa, hankalin yana nan.

Ni na taɓa tambayarsa, tunda ya san mutumin ba zai ci ba, me ya sa ba zai yi zamansa a gida ba, maimakon tsayuwa cikin rana da ciwon gwiwa. Ya ce wanda ya zauna a gida za a ce barci ya yi. Shi so yake a ƙidaya, a rubuta, a kai har inda ake kaiwa, cewa akwai mutum ɗaya a Kwanyawa da ya zo, ya gan su duka biyun, ya ce a'a. Na ce amma ai asarar ƙuri'a ce. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, sau ɗaya na taɓa asarar ƙuri'a, kuma a ranar wanda na zaɓa shi ya ci."

Ga abin da yake nufi.

Tsakanin ƙauyenmu da hanyar Karaye akwai rafi. Da rani yashi ne kawai, yara na wasa a ciki. Idan damina ta yi tsakiya kuwa, in aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ya cika ya hana kowa wucewa, wani lokaci wuni guda. Inda ake ƙetarewa muna kiransa mashigi. Shekaru da yawa da suka wuce, ina saurayi ina koyon ɗinki, 'yan kamfen na wani ɗan takarar shugaban ƙasa suka zo. A zauren Baffa suka sauka, don shi ne mai kiran gayya a ƙauyen, shi ake kira idan an yi rikicin iyakar gona, kuma in ya faɗi magana ba a sake bincika ta. Suka ce a kai su mashigi. Suka auna da igiya, suka ce in mutuminsu ya hau, kafin damina ta biyu akwai gada a wurin. Kashegari sai ga tifa ta juye dutse a bakin rafin.

Dutsen nan ne ya ci Baffa. A wurinmu ba a tara dutse a fili sai in gini za a yi. Mutum zai iya cewa zai yi ɗaki ya shekara goma yana faɗa, ba mai kula shi, amma ranar da aka ga ya tara dutse an san magana ta ƙare. Baffa bai taɓa jin an zubar da dutse don a gani kawai ba. Ba shi kaɗai ba, dukanmu haka muka ɗauka.

Sai ya bi gida gida yana cewa a zaɓi mutumin nan. Kowa ya amsa, ban da maƙerin ƙauyenmu. Shi maƙerin mutum ne mara yawan magana, kuma bai yarda da ɗan siyasa ba ko na miskala. Baffa ya je maƙera ya zauna, ya yi bayani, maƙeri yana ta bugun ƙarfensa. Da ya gama sai maƙeri ya ce su waɗannan in sun tafi a ina zai gan su ya tambaye su. Baffa ya dafa ƙirjinsa ya ce, "In ba a yi gadar nan ba, ni za ka tambaya." Maƙeri ya ajiye guduma ya ce shi ke nan, don Baffa zai yi.

Mutumin ya ci. Aka yi kiɗa a ƙauye. Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta rufe dutsen. Baffa ya zo Karaye neman 'yan kamfen ɗin, ya tarar ɗakin da suka kama haya ya zama shagon sayar da hatsi. Mai shagon ya ce shi ma bai san inda suka nufa ba.

A damina ta biyu matar maƙeri ta tashi haihuwa, haihuwar ta zo da gardama. An kwana ana ruwa. Da safe aka ɗora ta a amalanke aka kawo ta mashigi, rafi ya cika yana tafe da itatuwa. Ga motar da aka kira tana tsaye a ɗaya gefen, ana ganin direban yana ɗaga hannu. Aka zauna jiran ruwa ya janye, a gefen tulin dutsen nan. Kafin la'asar Allah ya karɓi ranta, ita da abin da ke cikinta. Na san ajali ne, kuma ban ce da akwai gada da ba ta mutu ba. Wannan sanin Allah ne. Ina faɗin abin da ya faru ne kawai.

Baffa ya je gaisuwa. Ina cikin waɗanda ke zaune. Ya durƙusa ya yi addu'a, aka shafa. Maƙeri ya ɗago kai ya dube shi, ba da faɗa ba, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Ka ce in tambaye ka."

Baffa ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi ya fita. Maƙeri bai sake tayar da maganar ba. Da kaka ta yi ya sayar da gonarsa, ya ɗauki kayan ƙirarsa da 'yarsa ƙarama da matar ta bari, ya bar garin ba tare da ya yi sallama da kowa ba.

Kafin damina ta gaba Baffa ya kira gayya, ba ta gona ba, ta mashigi. Ya ce a kwashe dutsen nan a jera shi a cikin rafi, a cika tsakani da buhunan yashi, yadda amalanke da babur za su iya wucewa ko da ruwa. Na ja shi gefe na ce Baffa, anya ba za a ce mun taɓa kayan gwamnati a kama mu ba? Ya ce ai da bakinsu suka ce namu ne, in sun zo kamu ma alheri ne, dama nemansu yake yi.

Ba gada ba ce, kada in yi ƙarya. In ruwa ya yi ƙarfi sosai har yanzu sai an jira, kuma kowace damina tana kwashe wani sashe. Shi ya sa kowace shekara sai an sake, kuma kowace shekara Baffa ne ke fara shiga da fartanyarsa. Bai taɓa cewa gwamnati ce ta yi alkawari ba. Cewa yake, "Ni na ce za a yi."

Abin da ya taimaka mana shi ne, duk zaɓen shugaban ƙasa sai wasu sun zo sun auna mashigi sun juye dutse, waɗannan su zo, waɗancan su zo. Sabulu, atamfa, taliya, duk abin da suka raba Baffa ba ya karɓa, ba ya bari a shigar masa gida. Dutse kaɗai yake karɓa. Yakan fito da sandarsa ya tare direban tifa ya ce, don Allah ɗan nan ka matso da ita kusa, na wancan karon sun zuba da nisa, mun sha wuyar ɗauka. Ya kuma gaya wa 'yan kamfen a fili cewa ba zai zaɓe su ba, in sun ga dama su kwashe abinsu. Ba wanda ya taɓa kwashewa.

Sun taɓa ɓatawa da mahaifina a kan wannan. Wata shekara 'yan wata jam'iyya suka ba mahaifina takin zamani ya raba, ya sa aka kai wa Baffa buhu. Baffa ya sa aka dawo da shi. Mahaifina ya je da kansa, ransa a ɓace, ya ce Yaya, wannan dukiyarmu ce suka dawo mana da ɗan abin da ya samu, karɓa ba laifi ba ne, in ka shiga rumfa ka dangwala inda kake so. Baffa ya ce to Auta, ka koma ka gaya musu ka karɓa amma ba za ka zaɓe su ba, in sun bar maka, ka kawo mini nawa. Mahaifina ya ce wannan taurin kai ne. Ya ce kuma in kowa ya yi irin na Yaya, ai wanda ya fi muni cikin biyun ne zai hau, sannan wa gari ya waya. Baffa ya ce zai yiwu, shi bai hana kowa ba, kuma tun ranar maƙera ya daina gaya wa mutum wanda zai zaɓa.

Wannan gaskiya ne. Ko Iya bai taɓa gaya mata ba. Ni kaina har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninsa da mahaifina ba. Duk ranar zaɓe sai na tsaya a rumfa ina jin muryarsu su biyu har na bayana su fara tsaki.

Sun yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa su. Ranar gayyar mashigi sai ga mahaifina da shebur, ya shiga layi kusa da yayansa. Baffa ya miƙa masa dutse ya ce wannan ma na jam'iyyarku ne, riƙe da kyau. Daga nan aka shirya.

Ni ina da dalilina na godiya da ya wuce na kowa. Haihuwar matata ta fari a ƙauye ta same ta, cikin tsakiyar damina, ita ma ta zo da matsala. Da muka iso mashigi ruwa ya hau kan duwatsun, ba a ganinsu. Na tuna matar maƙeri da na gani a wurin. Baffa ya naɗe wando ya shiga gaba da sanda, yana taɓa dutse ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa mai amalanke inda zai bi. Ya san wurin kowane dutse, shi ya jera su. Muka ƙetare. Yarinyar da aka haifa ranar yanzu tana sakandare. Da na je yi masa godiya ya ce in gode wa 'yan siyasa, su suka kawo dutse.

Akwai abin da ya yi wanda ba kowa ya sani ba. Duk gidan da ya shiga a wancan zaɓen yana neman ƙuri'a, ya sake shigarsa ya nemi a yafe masa. Yawanci dariya suka yi suka ce ai ba shi ya ci amanarsu ba. Gida ɗaya ya rage, na maƙeri. Malamai sun gaya masa ba shi da laifi tunda bai yi niyyar yaudara ba, shi ma yaudararsa aka yi. Ya ce ya ji, ya kuma gode, amma ba malam ya ce wa ya tambaye shi ba.

Maƙerin yana da wata al'ada. Duk fartanyar da ya ƙera sai ya buga mata alama a wuya, kamar sawun kaza. Fartanyar Baffa ma tasa ce, an sake mata ƙota ba adadi, bakin ya cinye, ya ƙi rabuwa da ita. Duk ranar kasuwar Karaye, in ya gama cinikinsa, sai ya bi layin masu fartanya yana juya su ɗaya ɗaya. Har kasuwar Rogo yake zuwa. Masu kaya sun ɗauka tsohon nan mai tayi ne ba ya saye. Sau ɗaya ya ga alamar a jikin sabuwar fartanya a hannun wani manomi, mutumin ya ce a wajen Jajaye ya saya. Baffa ya hau acaɓa ya je. Aka ce masa ƙwarai mai ƙirar ya zauna a nan 'yan shekaru, amma ya tashi. Wasu suka ce ƙasar Katsina ya nufa, wasu suka ce Kaduna. Ya dawo bai ci abinci ba ranar.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana bayan azahar ya sa aka kira ni. Ga 'ya'yansa maza a gidan, amma ni ya miƙa wa fartanyar. Na ce Baffa me ya sa ni. Ya yi murmushi ya ce, "Su za su ce to, su manta. Kai kuwa na san ka, ba za ka samu sukuni ba sai ka yi." Duk rayuwata ana yi mini faɗa a kan yawan damuwa. Shi kaɗai ya taɓa ganin tana da amfani.

Gaskiyarsa ne, ban samu sukuni ba. Na je Jajaye, na je Rogo, na juya fartanyar mutane har an fara kallona. Gayyar bana mahaifina ne ya kira ta, an kuma fito, alhamdu lillahi, wannan ɓangaren ya samu mai riƙewa. Nawa ne ya rage, kuma shi ya sa na rubuta.

Ina roƙon duk wanda ya karanta, musamman mutanen Rogo da ƙauyukan da ke iyaka da ita, ya duba wuyan fartanyarsa da ta maƙwabcinsa. In ya ga alama kamar sawun kaza, ya tambayi inda aka saya. Maƙerin dogo ne, bahago, da tabon ƙuna a wuyan hannunsa na dama. In yana raye ya tsufa sosai. In ya rasu, 'yarsa yanzu babbar mace ce, wataƙila an gaya mata daga Kwanyawa aka zo da ita tana ƙarama, kuma mahaifiyarta a bakin rafi ta rasu. Ko ita na samu zan faɗa mata. Wanda ya san wani abu ya zo tashar Karaye ya tambayi 'yan acaɓa telan da Baffansa ke jefa ƙuri'a ɗaya, za su kawo shi har shago.

Ba sai maƙerin ya taso ba, ni zan je duk inda yake. Kuma ba dole a kansa. In ya ce bai yafe ba, zan dawo da amsar in riƙe ta a raina, ba zan gaya wa Iya ba. Saƙon ba shi da tsawo, na maimaita shi a gaban Baffa har ya ce ya yi daidai. Ya ce in gaishe shi, in ce masa tambayar da ya yi tana nan, bai manta ba, kuma har ya kwanta bai samo amsarta ba. Ya ce in gaya masa ana wucewa yanzu, amma gada ba a yi ba.